Kaset Ɗin da Ba Shi da Suna

Makon jiya, da na je Magariya ta'aziyyar wani kawuna, Allah ya jiƙansa da rahama, bayan an shafa fatiha jama'a sun watse, sai 'ya'yansa suka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, suna zaton takardun gona ne a ciki. Da aka ɓalle kwaɗon, sai ga kaset fiye da arba'in, gara ta cinye takardunsu, zafin shekaru ya manne zaren wasu. Na ɗauki ɗaya, na zura bik cikin raminsa, na yi ta juyawa a hankali har zaren ya saki, sa'an nan muka aro rediyon wani maƙwabci wanda har yanzu bai rabu da irin na da ba. Abin da ya fito murya ce ta wani mai kukuma, mata na yi masa amshi, ana guɗa, can bayansu kuma zakara na cara. Waƙa mai sanyi, mai sa fara'a, wadda ko a gidan makoki sai da tsofaffi suka yi murmushi. Na tambayi sunan mawaƙin, ba wanda ya sani, sai wata gwaggo ta ce, "Ai mutumin wajen Dogo-Dogo ne, ya daɗe da riga mu gidan gaskiya."

Wannan al'amari ya tuna mini da wani nau'in kiɗa da ya bunƙasa a Kalifoniya ta ƙasar Amurka a tsakiyar shekarun 1960, wanda daga baya aka laƙaba masa sunan hasken rana, saboda muryoyi ne ake jerawa bisa juna cikin taushi, a kan maganar soyayya da walwala, ba tare da hayaniya ba. Waɗanda suka yi suna da shi, irin su The Association da The Mamas and the Papas, sun sami dukiya da ɗaukaka. Amma akwai wasu da ba su gaza su gwaninta ba, alhali kasuwa ta juya musu baya. Curt Boettcher da ƙungiyarsa The Millennium sun fitar da faifan Begin a 1968, bayan kamfanin Columbia ya kashe masa kuɗi masu yawan gaske, bai kuwa sayu ba. Haka 'yan gidan Dedrick na jihar New York, masu suna The Free Design, suka yi ta fitar da faifai tun daga 1967, ba su taɓa samun wanda ya cika kasuwa ba. Sai bayan shekara ashirin da ɗoriya, samarin Japan suka tono waɗannan faifai, suka so su so mai tsanani, aka sake buga su, har labari ya komo Amurka cewa ashe an bar zinariya cikin shara.

To, mai karatu zai ce sa'a ce, ni kuwa na ce tanadi ne. Dalili kuwa, da kamfanonin ba su adana zaren asali ba, da ba a rubuta sunan kowane mai kiɗa da shekarar ɗauka a bayan faifai ba, da ko Japanawa sun so, ba su da abin da za su tono. Mu ma muna da hujja a gida. Mamman Sani, wanda duk mai sauraron rediyo da talabijin na Nijar ya san sautin ogan ɗinsa na lantarki ko bai san sunansa ba, ya yi kaset ɗaya a 1978, 'yan kwafi kaɗan; saboda an ajiye ɗaya a Yamai da sunansa a jiki, wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya same shi, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, dattijon har ya je Turai yana wasa.

Amma Mamman Sani mutumin birni ne, kamar yadda Ma'azu Ɗan Alalo yake da fadar Damagaram a bayansa, Ɗan Gurmu kuma yake da gasar da hukuma ta sa wa sunansa. Wanda nake jin tausayi shi ne mawaƙin karkara na Bande da Wacha da Malawa da Gushi, wanda ba ya wa sarki waƙa, sai manoman gyaɗa ranar gayya, da amare, da fatake masu ƙetarawa Babura da Kano. Wanda ya ɗauke shi ɗan kasuwa ne ko mai biki da rediyonsa, ba a rubuta komai ba, domin a ganinsu kowa ya san shi. Na san akwai malamai da ba sa son a yi maganar kiɗa, kuma ban zo jayayya da su ba. Illa dai ina tunatarwa cewa malamanmu na da ba su karɓar ruwaya sai da isnadi, kuma cikin waƙoƙin nan akwai sunayen garuruwan da suka tashi, da shekarun fari, da kirarin mutanen da ko jikokinsu sun manta.

Gidajen rediyon al'umma na Magariya da Dungas su ne suka fi cancanta da wannan aiki: su yi shela a kawo tsofaffin kaset, a juye, a sa a iska, a ce duk wanda ya gane muryar ya bugo waya, tun masu ganewar suna raye. Ba aikin miliyoyi ba ne. Kwamfuta ɗaya da littafi ɗaya da mutum mai haƙuri sun isa.

Ni dai na taho Damagaram da akwatin, na kai wa wani yaro mai tura waƙoƙi a bakin tasha. Cikin kaset arba'in da ɗoriya, tara suka yi magana. Da ya zo kan na mai kukuman, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wane suna zan sa?" Na ce ya rubuta mutumin Dogo-Dogo, ya bar fili a gaba.