Lafiya Uwar Jiki: Mai ciwon sukari ya kula da dasashinsa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san in za a sayi rago a kasuwa sai an buɗe bakinsa an duba haƙora. To mutum ma bakinsa yana faɗin lafiyarsa. A wannan wata za mu yi magana kan ciwon dasashi da ciwon sukari, wanda likitoci ke kira diyabeti.

Dasashi shi ne naman da ke riƙe haƙora. In ba a goge baki, datti yana taruwa a gindin haƙori, ya daskare kamar dutse. Ƙwayoyin cuta su zauna ƙarƙashinsa. Sai dasashi ya kumbura, yana jini in an sa asawaki, baki yana wari. Daga baya ƙashin da ke riƙe haƙori ya zagwanye, haƙori ya riƙa girgiɗa har ya faɗi.

Cutar nan biyu suna taimakon juna. Sukari in ya yi yawa cikin jini, jiki ba ya iya faɗa da ƙwayoyin cuta sosai, ciwo kuma ba ya saurin warkewa. Shi ya sa mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi kamuwa da ciwon dasashi kusan sau 3. Kumburin dasashi shi ma yana hana insulin, abin da ke rage sukari cikin jini, yin aikinsa daidai. Sai sukari ya ƙi sauka ko ana shan magani.

A shekarar 2018, likitoci a birnin Landan na Ingila sun ba da sakamakon gwajin da suka yi da masu ciwon sukari 264. Wasu an kankare musu dattin ƙarƙashin dasashi sosai, wasu an wanke musu sama kawai. Akwai awon jini mai nuna yawan sukari na wata 2 zuwa 3. Bayan shekara 1, awon waɗanda aka yi wa cikakken aiki ya fi na sauran sauka da maki 0.6. A 2022 masana sun haɗa gwaji 35 irin wannan, suka ga sukari yana sauka da kamar maki 0.4 bayan wata 3 zuwa 4. Masu lissafi a Amurka kuma sun nuna a 2020 cewa kuɗin gyaran dasashin masu ciwon sukari bai kai kuɗin jinyar da ake kauce wa ba.

Mu ma mu yi namu lissafin. Likitocin haƙori suna manyan garuruwa, irin Yamai, Maraɗi, Zandar da Tawa. Akwai kuɗin mota, akwai kuɗin aiki. Amma sukarin da ya ƙi sauka yana lalata ido da ƙoda, yana kawo gyambon ƙafa har a kai ga yankewa. Nan ne ake sayar da akuya, a sayar da hatsin rumbu, gona kuma ta kwana ba a nome ba.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A goge haƙora safe da dare, da buroshi da man goge baki, ko da asawaki mai laushin baki. A bi gindin haƙori a hankali.
2. A rage sukari cikin shayi da fura. A bar taba, ta sha da ta ci.
3. In dasashi yana jini, kar a bar gogewa. A je asibiti a nuna.
4. Mai ciwon sukari ya sa a duba bakinsa ko sau 1 a shekara. Bayan girbi ya fi sauƙi. Ya faɗa wa likitan haƙori cewa yana da sukari.
5. Kar a bar maganin sukari don an gyara dasashi. Tare suke aiki.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.