FILIN KWAMFUTA: Idan Wasiƙu Suna Fita Amma Ba Sa Shigowa

A wannan watan za mu duba wata matsala da kan addabi ƙananan kamfanonin da ke riƙe da na'urar wasiƙunsu na imel da kansu, wato sabar wasiƙu. Matsalar ita ce, ma'aikata suna aika wasiƙa tana tafiya lami lafiya, amma ko guda ba ta shigowa. Haɗarin wannan ciwo shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Mai kamfani yana zaune yana zaton kasuwa ce ta yi sanyi, alhali odar abokin ciniki, ko takardun fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema, suna can sun maƙale a hanya, kuɗin ajiya kuwa yana ta hauhawa.

Shawararmu guda ce: kada a fara da kwance na'ura ko sake girka manhaja. A bi sawun wasiƙar tun daga waje har zuwa akwatin mai ita, zango bayan zango, domin hanyar fita daban take da hanyar shigowa.

Kafin komai, a sa wani ya aiko da wasiƙa daga waje, misali daga Gmail, sannan a duba ko za ta koma masa da bayani. Ƙa'idar isar da wasiƙu, wato SMTP, wadda Jon Postel ya tsara a 1982, ta tanadi lambobi masu faɗin dalili. Lambar da ta fara da 4 tana nufin cikas na ɗan lokaci, sabar mai aikawa za ta ci gaba da gwadawa, galibi har kwana 4 zuwa 5. Wadda ta fara da 5 kuwa tana nufin an ƙi karɓa ƙwata-ƙwata. Saboda haka ɗauke wutar lantarki na yini guda ba ya ɓatar da wasiƙa, jinkiri kawai yake kawowa. Amma mutum yana da 'yan kwanaki ne kacal kafin wasiƙun su fara komawa ga masu su.

Zango na farko shi ne sunan yankin kamfani, wato abin da ke bayan alamar @ a adireshi. Wannan suna haya ake yi, yawanci shekara-shekara, kuma idan wa'adinsa ya cika ba a biya ba, duniya ba za ta san inda za ta kai wasiƙar ba. Sau da yawa takardar tunin biya tana zuwa ne adireshin ma'aikacin da ya daɗe da barin aiki.

Zango na biyu shi ne rajistar MX da ke cikin tsarin DNS. Ita ce ke gaya wa sabar mai aikawa sunan na'urar da ke karɓar wasiƙun kamfani. Ana duba ta da umurnin nslookup -type=mx, a biyo da sunan yankin. A lura da abu uku. Dole MX ta nuna sunan na'ura, ba a rubuta lambar IP kai tsaye a wurin. Dole kuma wannan suna ya zama yana da rajistar A mai nuna lambar IP da kamfani ke amfani da ita a yau. Sannan idan MX ta fi ɗaya, wadda lambarta ta fi ƙanƙanta ita ake fara gwadawa, wato 10 kafin 20. Akwai wani tarko a nan: idan babu MX sam, wasiƙa takan bi rajistar A ta yankin. To, ranar da aka mayar da shafin intanet na kamfani wani sabon masauki, sai wasiƙu su bi shi can, inda babu mai karɓarsu. Bayan an gyara kuma a yi haƙuri, domin sauyin kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana guda ko biyu, kafin ya game ko'ina.

Zango na uku shi ne ƙofa mai lamba 25, wadda ta nan sabobi ke miƙa wa juna wasiƙu. Ma'aikata kan aika nasu ta ƙofa 587, su karanta ta 993 ko 995, shi ya sa komai kan yi kamar lafiya a ofis alhali ƙofa 25 a rufe take. Mai rufe ta kan zama katangar tsaro, ko rauta da aka sauya aka manta a juya ƙofar zuwa sabar, ko kuwa kamfanin da ke ba da layin intanet. Layin gida da na wayar salula galibi ba su da tsayayyar lambar IP, don haka ba su dace da wannan aiki ba. Gwajin ƙofar daga wajen ofis ake yin sa, kuma shafin MXToolbox yana yin hakan kyauta. Idan sabar ta amsa da layi mai farawa da 220, to hanya a buɗe take.

Zango na huɗu shi ne ita kanta manhajar. Mai amfani da Postfix ya duba inet_interfaces, domin idan an bar shi a kan loopback-only, sabar kanta kaɗai take saurare. Ya kuma tabbata sunan yankin yana cikin jerin waɗanda aka yarda a karɓa, in ba haka ba mai aikawa zai ga “Relay access denied”. Lamba 550 5.1.1 tana nufin babu akwati mai wannan suna. Lamba 452 4.3.1 kuwa tana nufin ma'ajiyar na'ura ta cika, abin da tarin tsofaffin wasiƙu kan jawo.

Zango na ƙarshe shi ne matatar da ke tace tarkacen wasiƙu da ƙwayoyin cuta. Idan ta tsaya, wasiƙu sukan shigo su yi layi, ba sa isa akwati. Haka ta faru a ranar 1 ga Janairun 2022, lokacin da matatar da ke cikin Exchange 2016 da 2019 na kamfanin Microsoft ta kasa karanta lambar kwanan watan sabuwar shekara, wasiƙu suka taru a layi a wurare da dama na duniya har sai da aka fitar da gyara.

A duk waɗannan zangogi, babban shaida shi ne kundin da sabar ke rubuta ayyukanta, wanda a Linux ake samu a /var/log/mail.log ko /var/log/maillog. Idan wasiƙar gwaji ba ta bar sawu a cikinsa ba, galibi laifin yana waje, a koma zango na ɗaya zuwa na uku. Idan ta bar sawu, laifin yana cikin gida. Kazalika a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta shi, a sake gwadawa, domin mai taɓa abu biyar tare ba zai san wanne ya yi magani ba.

Daga ƙarshe, tun da Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, muna kira ga 'yan'uwa masu kamfanoni da su rubuta ranar ƙarewar sunan yankinsu, su sa adireshin tuni a wani akwati na daban, su kuma riƙa aika wa kansu wasiƙar gwaji daga waje kowane mako. Wanda kuwa ba shi da tsayayyar wuta ko ƙwararren mai kula, babu aibi ya damƙa wasiƙunsa ga masu ba da hayar wannan hidima.

Sai kuma wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.