Ruwan Farko da Masu Moto

Damana ta kama, kuma ruwan farko shi ya fi haɗari ga mai moto. Wata bakwai kwalta tana shan ƙura da baƙin mai. Da yayyafi ya sauka sai ta yi santsi kamar sabulu. Tayar da ta cinye ba ta riƙe hanya, birkin gaba kuwa in an damƙe shi da ƙarfi, sai faɗuwa.

Ƴan kabu-kabu na Maradi da Damagaram sun san haka, amma neman na cefane kan sa su tsere da hadari, ga fasinja a baya ba hular kwano. Wajibi ne su sassauta gudu, su kunna fitila, su kama birki biyu a hankali. Magadan gari kuwa su cike ramukan da ruwa ke ɓoyewa tun kafin malka ta Agusta.