Ginin da kuɗin mota ya tsayar a linta

Da ƙarfe biyar da rabi na asuba, bakin titin Mararaba ya riga ya cika da masu jiran motar shiga Abuja. Duk wanda ya saba bin hanyar ya san hirar da ake yi da zarar mota ta tashi. Wani ya tambayi na kusa da shi, "Malam, ya ginin?" Shi kuma ya ce yana nan a linta tun bara. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mako mai zuwa aikin kwana gare ta. Can baya kuma wani na ta sa-in-sa da kwandasta kan ƙarin kuɗin mota.

Ana ɗaukar wannan a matsayin hirar rage hanya. Amma gini da lokacin aiki da kuɗin mota matsala ɗaya ce, kuma hukumomi sun daɗe suna kallonta a rarrabe.

Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya kama haya a Wuse ko Garki, inda mai gida ke neman kuɗin shekara guda a dunƙule, wani ma na shekara biyu. Sai ya gangara Nyanya, ko ya tsallaka Jihar Nasarawa zuwa Mararaba, Ado da Masaka, ko ya nufi Suleja a Jihar Neja. Idan Allah Ya hore masa ya sayi rabin fili, ya fara gini kaɗan-kaɗan: wannan watan bulo ɗari, wata mai zuwa tifar yashi, bayan sallah rodi. Lissafinsa shi ne abin da ya rage a haya ya fi abin da zai kashe a hanya.

Lissafin ya yi aiki lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta koma wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A farkon 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000 a kasuwanni da dama, har sai da gwamnati ta kira manyan kamfanonin siminti zaman tattaunawa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A ɗauka mutum yana kashe naira 2,000 kacal zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki ya kashe 44,000. Kimanin buhu huɗu ke nan na siminti da suka ƙone a cunkoson Kugbo. Shi ya sa unguwannin nan suka cika da gine-ginen da ba a rufa wa kwano ba, damina na bi ta kansu shekara bayan shekara, bulon da aka tara da gumi yana rugurgujewa.

Wanda abin ya fi shafa shi ne mai aikin karɓa-karɓa: mai gadi, nas, mai sayar da mai a gidan mai, ma'aikacin otal da na gidan burodi. Wanda ya tashi ƙarfe goma na dare zai tarar motoci sun yi ƙaranci, kuɗin ya ƙaru, ga fargabar 'yan fashin nan da ake kira wan-cans masu ɗaukar fasinja su yi masa ƙarƙaf. Da yawa sun gwammace su kwana kan benci a wurin aiki. Wanda zai karɓi aiki ƙarfe bakwai na safe kuwa tun kafin kiran assalatu yake barin gida. Nas ɗin da ta yi barcin awa huɗu ita ce za ta auna wa yaro magani, kuma ba ita kaɗai ke cikin hatsarin ba.

Ranar hutun da ya kamata ya huta, ita ce ranar zuwa duba gini. Idan bai je ba, kowa ya san yadda buhu ɗaya ke haifar da bulo fiye da ƙima idan mai gini ba ya wurin.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Jirgin ƙasan cikin Abuja da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a watan Mayun 2024, yana zuwa Idu da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa. Bai bi ta Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi tsanani. Jihohin Kwara da Edo sun rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a 2023 don sauƙaƙa wa ma'aikata, dabarar da ke taimakon mai zama a tebur amma ba ta da amfani ga mai gadin ƙofa. Asusun gidaje na ƙasa yana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin masu zuba kuɗi a ciki, sai dai rancen gida yana buƙatar takardar mallaka ta gwamnati, alhali mutumin Masaka takardar cinikin da aka yi a gaban mai unguwa kawai ke hannunsa.

Babban cikas shi ne iyaka. Mutanen nan suna aiki a Abuja, suna kwana a Nasarawa da Neja, kowace hukuma na ganin nauyin na ɗaya ne. Ya kamata Hukumar Babban Birnin Tarayya da jihohin biyu su haɗa hannu kan manyan motoci masu farashi tsayayye, masu tashi kan lokacin da ake canjin aiki, ciki har da ƙarfe biyar na asuba da goma na dare. Asibitoci da otal-otal da kamfanonin tsaro da ke sallamar ma'aikata cikin dare su ɗauki nauyin kai su aƙalla babbar tasha, ko su tanadi ɗakin kwana mai mutunci. Jihohin kuma su sauƙaƙa mayar da takardar ciniki zuwa takardar mallaka, a kan kuɗin da mai albashin naira 70,000 zai iya biya kashi-kashi.