Raddi Ga Masu Cewa Babu Diyya A Kan Hukuma Idan Ɗan Sanda Ya Yi Kisa

Masu wanke hukuma daga kisan da 'yan sanda ke yi ba bisa haƙƙi ba sun dogara da hujja uku. Ta farko, wai wanda ya ja kunamar bindiga shi kaɗai ne mai laifi. To amma ɗan sanda ba da bindigar gidansu ya tare hanya ba. Hukuma ce ta ɗauke shi, ta sa masa kaki, ta ba shi harsashi da ikon tsayar da mota. Malaman sira sun ruwaito cewa da Khalidu bin Walid ya kashe mutanen Banu Jazima, Annabi (SAW) ya barranta daga aikinsa, sannan ya tura Sayyidina Aliyu da dukiya ya biya diyyar rayuka da ta kaya, har da kaskon da kare ke lasa. Barrantar ba ta sauke biyan ba.

Ta biyu gadon Ingila ce, wai sarki ba ya laifi. Da ita Kotun Ƙolin Nijeriya ta wanke gwamnati a 1985, a ƙarar iyalan Ransome-Kuti kan ƙona gidan ɗansu, mawaƙi Fela, da sojoji suka yi a 1977. Sai dai abin ya faru ne kafin tsarin mulkin 1979, kuma Ingilar kanta ta yar da wannan ƙa'ida tun 1947. A yau sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare rai, na 46 ya buɗe ƙofar Babbar Kotu.

Ta uku, wai diyya toshiyar baki ce, tana kashe shari'a. Kisan matasa shida na Apo a Abuja, a Yunin 2005, ya nuna akasin haka. 'Yan sanda sun ce 'yan fashi ne, kwamitin bincike ya ƙaryata, gwamnatin Obasanjo ta biya iyalan, kuma a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Shekara 12 da aka kwashe ita ce abin zargi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen karɓar kuɗin. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya hana taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni Janar, wato lauyan gwamnatin da ake bi bashin. Magada kan fita kotu da takardar nasara, su koma zarya a ofishinsa.