Shanyar Naman Kaza: Rana Kaɗai Ba Ta Isa Ba

A ƙasar Rano da Kibiya shanya ba baƙon abu ba ce. Tumatir da barkono da kuɓewa a kan baza su a kan duwatsu ko tabarma har su bushe ƙayau. To amma kuskure ne a ɗauka cewa abin da ya yi wa kuɓewa daidai zai yi wa naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, musamman in don magani aka tsinko shi.

Naman kaza dangin fumfuna ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Da damina yake fitowa, a jikin ruɓaɓɓen kututture ko kusa da suri, wato lokacin da iska ke cike da laima, hadari kuma ke yawan rufe rana. Kafin hunturu ya zo da busasshiyar iskarsa, naman kaza ya daɗe da ɓacewa. Wanda aka shanya a watan Agusta yakan yi kwanaki da danshi, danshi kuwa shi ke gayyato fumfunar da ke haifar da dafin afalatoksin mai lalata hanta. Wannan dafi ne ya kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960.

Duk da haka rana tana da nata alherin. A jikin naman kaza akwai sinadarin agostarol, wanda hasken rana ke mayarwa bitamin D, mai taimaka wa jiki ƙarfafa ƙashi. Wanda aka busar a duhu ba ya samun wannan ƙari. Sa'o'i kaɗan sun wadatar, musamman in an yanka shi falle-falle. Abin da ya wuce haka ɓarna ce, domin doguwar shanya da zafi mai tsanani suna rage bitamin C da wasu sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki. Gashi a bakin murhu ya fi muni. Sinadarin beta-gulukan kuwa, wanda ake bincikensa saboda tasirinsa ga garkuwar jiki, ya fi jure zafi. Daga cikin irinsa akwai lentinan, da ake cirowa daga naman kazan shitake, wanda Japan ta amince da shi a 1985 a matsayin mataimaki wajen jinyar sankarar ciki. Mataimaki dai, ba maye gurbin asibiti ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ba shi rana ta ɗan lokaci, sannan a ƙarasa busarwa a akwati mai murfin gilashi ko farar leda, mai kafofin shigar iska, inda zafi ba zai wuce digiri 50 ba. Ɗaliban sakandare na iya ƙera shi da katako da ragar sauro, su auna nauyin abin da suka shanya kullum har ya daina raguwa. Malamin kimiyyar da ya sa ajinsa wannan aiki ya koyar da awo da tururi da tsafta a darasi guda.

Akwai abu ɗaya da shanya ba ta iyawa. Naman kaza mai guba ba ya rabuwa da gubarsa: dafin amatoksin na jure rana da wuta da dahuwa. Busasshe ma ya fi wuyar ganewa, domin launi da siffar da ake bambance shi da su sun riga sun sauya.