Ciyawar ado ba ta dace da ƙofar gidajenmu ba

A 2021 jihar Nevada ta Amurka ta kafa dokar cire ciyawar ado daga gefen tituna da harabar ofisoshi a yankin Las Vegas, saboda ruwan kogin Colorado yana ja da baya. Hukumar ruwan yankin har biyan magidanta take yi su tuge tasu.

Mu kuwa a sababbin unguwannin Kano, mai hali zai haƙa burtsatse yana shayar da ciyawa safe da yamma, maƙwabtansa na jiran 'yan ga-ruwa. A ƙasar da rani ya fi damina tsawo, wannan almubazzaranci ne.

A zuba tsakuwa, a dasa darbejiya da zogale. Da zarar sun kama, ba sa neman ban-ruwa kullum. Ga inuwa, ga ganyen kwaɗo.